Sunayen Baibul a Jirgin Pequod: Alamcin Addini a Taurarin Moby-Dick

Littafin Moby-Dick na marubucin Amurka Herman Melville ya fito a shekarar 1851, da farko a Landan cikin watan Oktoba, sannan a New York cikin Nuwamba, kuma ƙashin bayan labarinsa gajere ne. Wani jirgin farautar manyan kifayen teku mai suna Pequod ya tashi daga tsibirin Nantucket domin neman man da ake kunna fitilu da shi a wancan zamani, sai kyaftin ɗinsa, Ahab, ya karkatar da tafiyar zuwa neman fansa a kan wani farin kifi da ya taɓa gutsure masa ƙafa, a ƙarshe kifin ya farfasa jirgin, kowa ya halaka in ban da mutum ɗaya mai suna Ishmael da ya tsira ya ba da labari. Masana halittu za su ce wannan dabba ce mai shayarwa, amma mai ba da labarin ya dage cewa kifi ne, har ya kira Annabi Yunusa ya zama shaidarsa, don haka mu ma kifi za mu ce. Abin da ya sa ɗan wannan labari ya cika babi 135 shi ne nauyin da Melville ya ɗora wa mutanen jirgin, kuma nauyin ya fara tun daga sunayensu: Ishmael, Ahab, Elijah, Bildad, Peleg, Gabriel, har da jiragen da suka gamu da su a hanya irin su Jeroboam da Rachel. Daga Baibul aka ɗebo su duka.

Akwai wata hanyar karatu mai sauƙi wadda take raba wa kowa muƙami kamar ana naɗin sarauta: Ahab Shaiɗan ne, farin kifin Ubangiji ne ko ƙaddara, Starbuck mataimakin kyaftin imani ne, Ishmael kuma rai ne da aka ceta. Wannan karatu yana da ɗan abin kamawa, domin Melville da kansa ya rubuta wa matar abokinsa Nathaniel Hawthorne a farkon 1852 cewa tun yana rubutun ya ɗan ji a jikinsa za a iya fassara littafin ta hanyar alamci. Sai dai a cikin littafin, a babi na 45, mai ba da labarin ya yi wa masu mayar da kifin ƙagaggen misali ba'a tun kafin su fara. A ganina Melville yana ba tauraro sunan Baibul ne domin mai karatu ya yi saurin yanke masa hukuncin da ya haddace tun yana yaro, sannan ya yi ta nuna masa wuraren da mutumin ya ƙi shiga rigar sunan. Alamcin yana cikin tazarar da ke tsakanin sunan da mai sunan, kuma abin da ake tuhuma a cikin wannan tazara shi ne addinin Amurkar da Melville ya tashi a cikinta.

An haifi Melville a New York a 1819, mahaifiyarsa Maria Gansevoort ta rene shi a cocin da ke bin aƙidar John Calvin, inda ake koyar da cewa tun kafin halitta Ubangiji ya zaɓi waɗanda zai ceta, ya kuma bar sauran ga halaka, ba tare da aikin ɗayansu ya sauya komai ba. Duk wanda ya karanci tauhidi ya san irin wannan taƙaddama daga jayayyar Jabariyya da Ƙadariyya: idan an riga an rubuta komai, laifin mugu a wuyan wa yake? Masu karatun Melville na farko sun san Baibul kamar yunwar cikinsu, kuma mutanen Nantucket da gaske suna raɗa wa 'ya'yansu irin waɗannan sunaye, saboda haka bai buƙaci yi musu bayani ba. Shi kansa ya san aikin, domin a Janairun 1841 ya shiga jirgin farauta mai suna Acushnet, kuma ya karanta labarin jirgin Essex da wani kifi ya nutsar a 1820.

Ahab na Baibul sarkin Isra'ila ne da ya yi mulki shekara 22 a Samariya, ya auri Yezebel, ya gina wa gunkin Ba'al wurin bauta, kuma Littafin Sarakuna na ɗaya ya ce ya tsokani fushin Ubangiji fiye da duk sarakunan da suka gabace shi. Ya gina gida da hauren giwa, ya mutu a yaƙi, karnuka suka lashi jininsa. Tun kafin mu ga kyaftin ɗin, Ishmael ya tuno da maganar karnukan a gaban Peleg, ɗaya daga cikin masu jirgin, shi kuwa Peleg ya kwaɓe shi ya ce Ahab bai raɗa wa kansa suna ba, wata uwa gwauruwa mai taɓin hankali ce ta laƙaba masa ta mutu yana ɗan shekara ɗaya, kuma mutumin yana da matashiyar mata da ɗa ƙarami. Ga tambayar Calvin nan tun a bakin teku: sunan ne ya ja shi ga halaka, ko shi ya zaɓi ya cika sunan?

Kamannin suna nan ba shakka, domin ƙafar da aka sassaƙa wa kyaftin ɗin daga ƙashin muƙamuƙin kifi fara ce kamar haure, kuma ya kautar da jama'arsa daga aikin da suka fito yi zuwa wata bauta tasa ta daban. Amma bambancin ya fi kamannin koyarwa. Sarki Ahab mutum ne mai rauni da kwaɗayi, wanda ya kwanta ya ƙi cin abinci don Nabot ya hana shi gonar inabi, sai da matarsa ta shirya kisan mai gonar. Kyaftin Ahab ba ya kwaɗayin kome na duniya, shi ne ma ya kafa tsabar zinariya da ƙusa a babban ginshiƙin jirgi ya ce ta wanda ya fara hango kifin ce. Sannan da Annabi Iliya ya yi wa sarkin gargaɗi, sarkin ya yage tufafinsa ya yi azumi ya ƙasƙantar da kai, har aka jinkirta masa azaba, abin da kyaftin ɗin bai taɓa yi ba ko sau ɗaya. Ya fi mai sunansa girman zuciya, ya kuma fi shi taurin kai.

Muhimmin abin lura shi ne Ahab bai musanta samuwar Ubangiji ba. A babi na 36, da Starbuck ya ce masa neman fansa a kan dabbar da ba ta da hankali saɓo ne, Ahab ya amsa cewa duk abin da ido ke gani fuskar kwali ce kawai, akwai wani mai hankali a bayanta, kuma ko kifin wakili ne ko shi ne uban gayya, ta cikinsa zai kai duka, har ya ƙara da cewa ko rana ce ta zage shi zai mare ta. Mutumin da ya ɗauki duniya a matsayin hatsari marar ma'ana ba zai yi wannan magana ba. Wannan maganar wanda ya gaskata akwai Mai iko ce, ya kuma yanke cewa Mai ikon ya zalunce shi. Mai karatu Musulmi zai tuno da Iblis, wanda ya san Ubangijinsa sarai amma ya ƙi sujada don girman kai, kuma Melville ma yana da Shaiɗan na mawaƙin Ingila John Milton a zuciyarsa. Saboda haka Ahab bai watsar da ibadojin Kiristanci ba, juya su ya yi. Ya shayar da maharbansa barasa a cikin ƙoƙon masunsu suna rantsuwar kashe kifin, wanda kwaikwayon Jibin Ubangiji ne a birkice, wato ibadar gurasa da ruwan inabi ta Kiristoci. Da maƙerin jirgi ya ƙera masa sabon mashi, ya ƙi a sanyaya ƙarfen da ruwa, ya karɓi jinin maharba uku da ba Kiristoci ba, ya yi wa mashin baftisma da harshen Latin da sunan Shaiɗan a madadin sunan Uba. A daren guguwa, da wuta ta kama kawunan ginshiƙan jirgin, ya tsaya ya ce wa ruhin wutar ya gano cewa bautar da ta dace da shi ita ce bijirewa.

Melville bai bar Ahab ba tare da annabawansa ba. Kafin jirgin ya tashi, wani ragargajajjen matuƙi mai zanen agana a fuska ya tare Ishmael da abokinsa yana yi musu maganganu a dunƙule game da rayukansu, da suka tambayi sunansa ya ce Elijah, wato Iliya, annabin da ya tsaya wa sarki Ahab a maƙoshi. Shi ne Annabi Ilyasu da Alƙur'ani ya ambata a Suratus Saffat yana tambayar mutanensa ko Ba'al za su riƙa kira su bar Mafi kyawun masu halitta. Amma Iliyan Melville bai fuskanci sarkin ba, bai saukar da wuta daga sama ba, a bakin tasha ya tsaya yana habaici, har Ishmael ya ɗauke shi ɗan damfara. Wanda ya samu kunnen Ahab shi ne Fedallah, Bamajuse daga cikin mabiya Zaradusht, wanda kyaftin ɗin ya ɓoye a cikin jirgi. A Baibul, annabawa kimanin 400 ne suka tabbatar wa sarki Ahab nasara a yaƙin da ya mutu a cikinsa, kuma nassin ya ce da izinin Ubangiji ruhin ƙarya ya shiga bakinsu. Fedallah ya tsaya a gurbinsu, sai dai shi bai yi ƙarya ba. Ya ce Ahab ba zai mutu ba sai ya ga makara biyu a kan teku, ta farko ba hannun mutum ya yi ta ba, ta biyu katakonta daga Amurka, kuma igiya ce kaɗai za ta iya kashe shi. Ahab ya ɗauka igiyar rataya ake nufi, ya ce ashe ba zai mutu ba. A rana ta uku ta farautar aka ga gawar Fedallah ɗaure da igiyoyi a gadon bayan kifin, jirgin Pequod ya zama makara ta biyu, igiyar mashinsa kuma ta shaƙe shi ta fizge shi cikin ruwa. Yaudarar daga fassarar Ahab ta fito. Dole a faɗa cewa Fedallah shi ne tauraro mafi rauni a littafin, domin Melville ya ɗauki addinin mutane na gaske ya mayar da shi inuwar aljani, yadda marubutan Turai na lokacin suka saba yi wa mutanen Gabas.

Annabawa biyu da ba su hau jirgin ba sun fi duk waɗanda suka hau tasiri a kansa, wato Yunusa da Ayuba. A New Bedford, Ishmael ya shiga cocin masunta, inda aka jera allunan marmara na waɗanda teku ta cinye, ya saurari Fada Mapple, tsohon maharbi, wanda mumbarinsa siffar goshin jirgi ne, yakan hau da tsanin igiya sannan ya janye tsanin bayansa. Huɗubar a kan Yunusa ce, kuma darasinta shi ne wanda zai yi wa Ubangiji biyayya dole ya saɓa wa kansa, kuma tuba ta gaskiya ita ce mutum ya yarda azabarsa adalci ce ba tare da ya yi ta roƙon a ɗauke masa ba. A zahiri wannan shi ne ma'aunin da za a auna Ahab da shi: mutum biyu sun shiga bakin kifi, ɗaya ya fito da tasbihi, ɗaya ya fito da gaba. To amma huɗubar tana da ƙofa a buɗe. Mapple ya tsallake babin ƙarshe na littafin Yunusa a Baibul, inda annabin ya yi fushi don an yafe wa mutanen Nineba, wato ya bar wajen rahama, kuma ya rufe da yabon mutumin da yake tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai, ba ya tanƙwaruwa, a gaban masu girman kai na duniya. Ahab zai iya jin wannan yabo ya ce da shi ake.

Ayuba da Musulmi suka sani abin misali ne wajen haƙuri, amma a littafinsa na Baibul ya daɗe yana ƙorafi, ya la'anci ranar haihuwarsa, ya nemi a gaya masa laifinsa. Amsar da ta zo masa daga cikin guguwa ba ta bayyana dalilin wahalarsa ba, sai dai ta nuna masa girman halitta, ta tambaye shi ko zai iya kamo dodon teku da ƙugiya. Wannan tambaya tana babi na 41 na littafin Ayuba, kuma a babi na 41 na Moby-Dick ne aka kira Ahab tsoho marar tsoron Allah da ke bin kifin Ayuba da tsinuwa yana zagaya duniya. Ayuba ya ji tambayar ya rufe bakinsa, Ahab ya ji ta ya tafi wajen maƙeri. A nan ne littafin ya fi zafi, domin Melville bai ce tambayar Ahab wauta ce ba, ya ba shi jawabai mafi ƙarfi a littafin, ya sa har mai ba da labarin ya yi ihun rantsuwa tare da sauran.

Game da ƙaddara kuwa, littafin ya riƙe igiyar ta kai biyu. Dab da ƙarshe Ahab, bayan shekara 40 a teku, ya zubar da ɗigon hawaye, ya tambaya ko shi ne ke ɗaga hannunsa ko Ubangiji ne, daga baya ya ce wa Starbuck an tsara wannan wasa tun kafin a halicci tekun, shi umarni kawai yake bi. Amma Melville ya riga ya haɗa shi da Kyaftin Boomer na jirgin Ingila Samuel Enderby, wanda kifin nan dai ya raba shi da hannu, ya kuma yanke shawarar cewa gaɓa ɗaya ta isa, zai bar kifin ya yi harkarsa. Rauni iri ɗaya, zaɓi daban. Mai karatu ba zai iya cewa Ahab ba shi da mafita ba, ba zai kuma iya kawar da kai daga annabce-annabcen da suka cika ɗaya bayan ɗaya ba.

Idan Ahab ne ɓatacce, da an sa ran masu addinin kirki su zama kishiyarsa, kuma a nan ne Melville ya fi yi wa mutanensa tsiya. Bildad, abokin Peleg a mallakar jirgin, mai sunan ɗaya daga abokan Ayuba uku da suka dame shi da wa'azi, ɗan ɗariƙar Quaker ne, waɗanda aƙidarsu ta hana zubar da jinin ɗan Adam, amma ya yi arziki da jinin kifaye ganga-ganga. Yana karanta ayar da ta hana tara dukiya a duniya yake yanka wa Ishmael kaso ɗaya cikin 777 na ribar tafiya, sai da Peleg ya yi masa tsawa aka mayar da shi ɗaya cikin 300. Ya nace sai an kawo takardar shaidar cewa Queequeg, maharbi abokin Ishmael, ya karɓi Kiristanci, amma da Queequeg ya jefa mashi ya soki wani ɗigon kwalta da ke kan ruwa daga nesa, nan take aka ɗauke shi da kaso ɗaya cikin 90. Nasihar Bildad ta sallama ita ce kada su cika yin farauta ranar Lahadi, amma kada su bar dama mai kyau ta wuce, domin hakan ƙin kyautar Allah ne.

Starbuck, mataimakin kyaftin, ya fi wannan nesa ba kusa ba. Shi ma Quaker ne, mai gaskiya, mai tunanin matarsa da ɗansa, kuma shi kaɗai ya kira abin da Ahab ke yi da sunansa. Amma ko shi, hujjarsa ta farko ta kasuwa ce: ganga nawa na mai wannan fansa za ta kawo a kasuwar Nantucket? Da dama ta zo masa, ya tsaya a ƙofar ɗakin Ahab da bindiga a hannu, kyaftin ɗin yana barci, yana auna ran mutum ɗaya da rayukan mutum talatin, sai ya mayar da bindigar wurinta. Ana iya cewa tsoron Allah ya hana shi kisa, kuma haka ne, amma bai nemi wata hanya ta uku da gaske ba, kuma mai ba da labarin ya ambaci gazawar nagarta wadda ba ta da mataimaki. Starbuck alama ce ta imanin da ya ishi mutum tsare kansa amma bai ishe shi tsare jama'a daga azzalumin shugaba ba, musamman shugaban da ya taɓa nuna masa bindiga ya ce Allah ɗaya ne a kan duniya, kyaftin ɗaya ne a kan Pequod.

Ayyukan da Kiristanci ke kira 'ya'yan bangaskiya, Melville ya ɗora su a kan mai bautar gunki. Queequeg ɗan sarki ne daga wani ƙagaggen tsibiri a tekun Fasifik, jikinsa duk zane, yana yawo da ɗan baƙin gunkinsa mai suna Yojo. Ya bar gida ne don ya koyo hasken Kiristoci ya kai wa mutanensa, da ya ga halinsu a tashoshin jiragen ruwa sai ya yanke shawarar mutuwa a addininsa. Shi ne ya raba kuɗinsa biyu ya ba Ishmael rabi, shi ne ya faɗa ruwan sanyi ya ceto wani baƙauye da ya gama yi masa ba'a, shi ne ya nutsa ya zaro maharbi Tashtego daga cikin kan kifin da ke nitsewa da shi. Babin da ke bin huɗubar Mapple kai tsaye shi ne wanda Ishmael, ɗan cocin Presbyterian, ya yi wa kansa fatawa cewa tunda nufin Allah shi ne ka yi wa maƙwabcinka abin da kake so ya yi maka, to ya kamata ya taya Queequeg miƙa wa Yojo hadaya. Wannan wuri ya fusata jaridun addini na Amurka a lokacin, kuma ba abin mamaki ba ne. Akwai kuma babi na 17 da Melville ya sa wa suna Ramadan, inda Queequeg ya tsuguna yini da kwana da gunkin a kansa ba ci ba sha. Babu abin da ya haɗa wannan da azumin Musulunci, Melville ya ari sunan ne ga kowane baƙon azumi, kuma Ishmael ya ɓuge da yi wa abokinsa lacca cewa duk irin waɗannan azumi, har da na Kiristoci, cutar da ciki ne kawai. Sassaucin Ishmael yana da iyaka, kuma iyakar ita ce inda ibada ta fara takura jiki.

Pip, ƙaramin yaro baƙar fata mai hidima a jirgin, ya faɗa ruwa aka bar shi shi kaɗai a tsakiyar teku na wani lokaci, da aka tsamo shi hankalinsa ya gushe. Mai ba da labarin ya ce yaron ya gangara ne ya ga Mahalicci a bakin masaƙarsa, ya faɗi abin da ya gani, shi ya sa aka kira shi mahaukaci. Shi kaɗai ya taɓa zuciyar Ahab har ya kai shi ɗakinsa, kuma Ahab ya gane haɗarin, ya ce wa yaron kada ya biyo shi domin yana neman warkar da ciwon da shi ba ya so ya warke.

Wurin da nake ganin an yanke wa Ahab hukunci shi ne gamuwarsa da jirgin Rachel, fiye da duk kalaman saɓonsa. Kyaftin Gardiner, mutumin Nantucket da Ahab ya sani, ya hau Pequod yana roƙo: kwale-kwalensa ɗaya ya ɓace a bin farin kifin, kuma ɗansa ɗan shekara 12 yana ciki, a taya shi nema na awa 48 kawai, zai biya. Ya roƙe shi da ainihin ƙa'idar da Ishmael ya yi fatawa da ita, ya ce ka yi mini yadda za ka so in yi maka, kai ma kana da ɗa. Ahab ya ƙi, ya ce lokaci na ƙure masa, kuma maimakon ya ce Allah ya gafarta masa sai ya ce da fatan zai yafe wa kansa. Sunan jirgin daga littafin Irmiya yake, inda Rahila ke kukan 'ya'yanta ta ƙi ta'aziyya domin ba su. Har zuwa wannan wuri ana iya kallon Ahab a matsayin wanda aka zalunta yake neman amsa. Daga nan ya zama wanda ya ga irin ciwonsa a jikin wani ya wuce.

Ishmael ne ya fi buƙatar bayani ga mai karatu Bahaushe, domin sunan Isma'ila ne, kuma a wurin Musulmi Annabi Isma'ila ɗan gata ne, wanda ya taya mahaifinsa ɗaga harsashin Ka'aba. A wurin masu karatun Melville kuwa ɗan baiwa ne da aka kora jeji tare da uwarsa Hajara, wanda Littafin Farawa ya ce hannunsa zai yi gaba da kowa, kuma Bulus a wasiƙarsa ga Galatiyawa ya mayar da shi alamar wanda ba shi da gado, Ishaƙu kuma ɗan alkawari. A harshen Calvin, Ishmael shi ne wanda ba a zaɓa ba. Shi ne kuma Melville ya tserar, ya bar Starbuck mai ibada ya nutse. Bai tsira don ya fi kowa kirki ba, tunda ya yi rantsuwa da su. Ya tsira ne don ya maye gurbin wani matuƙi a kwale-kwalen Ahab bayan ɓacewar Fedallah, aka wurgar da shi gefe, ya kasance nesa da inda ruwa ya haɗiye jirgin. Abin da ya taso masa daga ƙarƙashin ruwa akwatin gawar da Queequeg ya sa aka yi masa ne lokacin da zazzaɓi ya kusa kashe shi, da ya warke ya sassaƙa zanen jikinsa a murfin, daga baya aka toshe shi aka mayar da shi abin ceto. Ya yi yini da kwana a kansa kafin jirgin Rachel, da ke ta neman ɗanta, ya tsinci wani maraya daban. Rahila surukar Ishaƙu ce, wato gidan ɗan alkawari ne ya ɗauki korarren. Melville ya riƙe tsarin ceto ba da aiki ba yadda Calvin ya koyar, ya sauya wanda aka ceta da abin da aka cece shi da shi.

Shi kuwa kifin, mutum ɗaya ne a littafin ya ce kai tsaye Ubangiji ne a cikin jiki, shi ne Gabriel na jirgin Jeroboam, wanda ya fito daga ɗariƙar Shaker, ya ce shi mala'ika ne, ya mallake jirgin da tsoro, kuma littafin ya nuna a fili mahaukaci ne. Starbuck ya ce dabba ce kawai, har a rana ta ƙarshe yana nuna wa Ahab cewa kifin tafiyarsa yake, kai ne ke binsa. Ishmael ya ɓata babi guda a kan farin launinsa, yana nuna cewa fari tufafin tsarki ne kuma launin likkafani ne, daga ƙarshe ya ce wataƙila abin tsoron shi ne babu kome a bayansa. Haka tsabar zinariyar nan: taurari sun zo ɗaya bayan ɗaya suna karanta zanen da ke kanta, Ahab ya ga kansa, Starbuck ya ga Triniti, wato aƙidar Kirista ta Allah ɗaya cikin uku, Flask, mataimaki na uku, ya ga yawan sigarin da za ta saya.

Melville ya san abin da ya aikata, domin ya rubuta wa Hawthorne, wanda ya sadaukar wa littafin, cewa ya rubuta mugun littafi amma yana jin kansa tsarkakakke kamar ɗan rago. Da suka haɗu a Liverpool a 1856, Hawthorne ya rubuta a kundinsa cewa abokinsa ya kasa yin imani, ya kuma kasa samun natsuwa a rashin imaninsa. Kamfanin Richard Bentley da ya buga littafin a Landan ya datse wurare da dama da aka ga sun taɓa addini, kuma bugun ya fito ba tare da shafin ƙarshe ba, wanda ya buɗe da ayar Ayuba ta ɗan aiken da ya ce shi kaɗai ya tsira ya kawo labari. Masu sharhi a Ingila suka yi ta tambayar yadda mamaci ya ba da labari. Asarar ta wuce ta tsarin labari, domin idan aka cire shafin nan babu akwatin Queequeg a kan ruwa, babu dawowar Rachel, kuma littafin ya koma labarin mugun sarki da ya ja jama'arsa ga halaka, wato huɗubar da Fada Mapple zai iya yi ba tare da ya sauya kalma ɗaya ba.